Malam Ashiru da Shuɗin da Ya Ɓace Masa

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zama a tebur ɗaya ni da Malam Ashiru Bappa, a ofishin malamai na ƙaramar sakandaren da muke koyarwa a Basirka. Ni sunana Musbahu, lissafi nake koyarwa. Shi kuwa malamin zane ne. Ɓangarensa na teburin ba ya ɓuya, domin katakon ya sha fenti kala-kala, kuma kullum akwai gwangwanayen madara uku ko huɗu a jere da buroshi a ciki. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, kuma ba ya sauri ko da an kaɗa ƙararrawa sau biyu.

A wata ruga kusa da Dingaya aka haife shi. Mahaifinsa yana da 'yan shanu, yana kuma noma gero da dawa. Ya taɓa gaya min cewa abin da ya fara koya a duniya shi ne bambanta shanu da launinsu, domin a gidansu ba a cewa jar saniya a yi shiru. Sai an faɗi wane irin ja ne, mai duhu ko mai hasken ƙasa, da farin goshi ko babu. Ya kai shekara goma kafin a sa shi firamare. Da ya gama bai samu wucewa gaba ba, sai wani kawunsa ya kai shi Birnin Kudu wurin Malam Sabo, wani mai fenti da ke da rumfa kusa da tasha. Shekara tara ya yi a can yana rubuta allunan shaguna, yana zana masallaci da dabino da furanni a bayan manyan motoci.

A rumfar nan ne abin da ya juya rayuwarsa ya same shi. Wata rana wata babbar mota ta tsaya a tasha ana gyara mata taya. A bayanta wani ya zana hanya da itatuwa a gefe da gefe. Ashiru ya ce da ya kalli zanen sai ya ga kamar hanyar ta huda katakon ta shige ciki, har ya kai hannu ya shafa don ya tabbata shafaffe ne. Ya tambayi maigidansa yadda ake yin haka. Malam Sabo ya ce shi ma bai sani ba, wasu dai Allah ya ba su hannu. Ashiru ya yi makonni yana gwadawa a bayan kwalaye. Duk hanyar da ya zana sai ta miƙe tsaye kamar tsani, ta ƙi kwanciya.

Bayan wata biyar ya ci karo da wani tsohon littafi a wurin mai sayar da littattafai a ƙasa, bangonsa ma ya fita. A wani shafi akwai hoton titi, an ja layuka daga kowane gefe sun haɗu a ɗigo ɗaya. Ya gane cewa amsar tana nan, amma Turancin da aka yi bayanin da shi ya fi ƙarfinsa. Abin da ya mayar da shi makaranta ke nan. Ya shiga ajin manya na yamma, ya zauna jarrabawa sau biyu kafin ya ci, sannan ya tafi kwalejin horar da malamai yana da shekara talatin da ɗaya, da matarsa Batulu da 'ya'ya biyu a gida. Da ya fito aka tura shi koyarwa, ya zaga makarantu biyu a ƙasar Gwaram kafin ya iso wurinmu.

A makarantarmu da can, darasin zane lokacin hutawa ne. Malamin da aka ɗora wa shi yakan rubuta bayani a allo yara su kwafa, ko ya ce su zana ƙwarya ya koma ofis. Malam Ashiru bai yi haka ba. Duk ajin da ya shiga, aikin farko da yake ba su shi ne su zana hanyar da ta tafi Gwaram da falwayoyin lantarki da ke gefenta. Kusan kowa yakan zana falwaya shida ko bakwai a jere, tsawonsu ɗaya kamar sojoji. Sai ya karɓi takardun, ya juya ya zana tasa a allo: ta kusa doguwa har ta kusa taɓa saman allon, ta biye da ita ta ragu, haka har ta ƙarshe ta koma ɗan tsinke.

A shekararsa ta biyu da mu, wata yarinya 'yar aji biyu mai suna Munawwara Sada ta ɗaga hannu bayan ya gama wannan zanen.

"Malam, falwayar can ta ƙarshe ba ƙarama ba ce," in ji ta. "Ta gabanta nake wucewa kullum da safe. In na zana ta ƙarama ai na yi ƙarya."

'Yan ajin suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce mata tambayarta ta fi ƙarfin allo, su bari sai gobe. Washegari ya zo da wani faffaɗan gilashin taga da ya samo a ɗakin ajiyar makaranta, ya roƙe ni in zo in taya shi tsare yara kada su hau titi. Muka fito da ajin gaba ɗaya bakin hanya. Ya sa yara biyu suka riƙe gilashin a tsaye a kan benci. Ya zaunar da Munawwara a bayansa, ya ce ta ɗora haɓarta a kan jinginar kujera kada kanta ya motsa, ta rufe ido ɗaya. Ya ba ta alƙalamin maka mai kama gilashi, ya ce kada ta yi tunanin komai, ta bi abin da take gani ta cikin gilashin kawai, kamar mai kwafar zanen hula.

Ta yi kusan minti goma tana bi. Da ta gama ya ɗora farar takarda a bayan gilashin don layukan su fito. Falwayar kusa ta kai tsawon hannunta daga gwiwa zuwa yatsu. Ta nesa ba ta kai tsinken ashana ba. Gefen titin biyu kuwa, waɗanda kowa ya san ba sa haɗuwa, ga su sun matso juna har sun kusa zama ɗaya. Yarinyar ta dubi gilashin, ta dubi hanyar, ta sake duban gilashin. Ta ce ai da hannunta ta zana, kuma ba ta rage komai ba.

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji Malam Ashiru. "Falwayar tana nan da tsawonta. Amma mu abin da ido ya gani daga inda muke tsaye muke zanawa."

Ranar nan kowa sai da ya zauna a kujerar. Ni ma na zauna, kuma ban ji kunyar faɗa ba cewa sai a ranar na ga da idona abin da na daɗe ina koyarwa da lambobi.

Daga nan yake ɗorawa. Wurin da layukan suke haɗuwa ya sa masa suna mahaɗa. Layin da ke daidai da tsayin idon mai kallo kuma yana kiransa layin ido. Don yara su gane shi, sai ya sa su tsuguna su kalli barandar ajujuwa, sannan su hau benci su sake kallo, su ga yadda ƙasa take buɗewa rufi yana kwantowa. Yakan manna zare a allo da ƙusa a mahaɗa, ya riƙa jan sa zuwa kowace kusurwa, yara suna bi da rula. Kafin ƙarshen zango, yaran da suka fara da ƙwarya suna zana cikin ajinsu da tagogi da bencuna, komai a muhallinsa.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba da farko. Mahaifin Munawwara, Alhaji Sada, magini ne da aka sani a garin. Ya zo makaranta da kansa, ya ce ya ji ana koya wa 'yarsa zane-zane, kuma shi ba ya son ta saba da zana abu mai rai. Malam Ashiru ya ba shi kujera, ya ɗauko littafinta ya buɗe masa. Babu mutum babu dabba a ciki, sai titi da baranda da masallacin unguwarsu an zano shi daga kusurwa, bango biyu suna tafiya kowanne zuwa tasa mahaɗar. Alhaji ya daɗe a kan wannan shafin. Da ya ɗago sai ya tambaya ko yarinyar za ta iya zana gidan da ba a gina ba tukuna, in an gaya mata tsawo da faɗi. Malam Ashiru ya ce a ba shi wata biyu. Tun daga wannan shekarar Alhaji Sada ya daina zana wa masu ba shi aiki fasalin gida a ƙasa da tsinke. Munawwara yanzu tana kwalejin kimiyya da fasaha tana karatun zanen gine-gine.

Darasin launi ya fi wuya, domin makaranta ba ta da fenti sai 'yan ƙananan gwangwanaye uku da suka bushe. Malam Ashiru bai tsaya jira ba. Batulu ce take dafa masa zoɓo har ya yi kauri, shi ne ja. Kurkum da aka daka aka tace shi ne rawaya. Bular wanki ita ce shuɗi. Baƙi daga gawayi, fari daga farar ƙasa. Kowanne yakan zuba masa ɗan jiƙaƙƙen ƙaro don ya kama takarda. Ranar darasi sai ka gan shi ya shigo da robobin ruwa biyar a buhu, yara suna rububin karɓar masa.

Ja da rawaya da shuɗi yana kiransu iyaye, ya ce su ba a haɗa komai a same su. Sauran kuma 'ya'ya ne. Ba ya gaya wa yara abin da zai fito. Sai ya ɗiga rawaya a murfin roba, ya ba wani ya ɗiga shuɗi, ya ce a juya da tsinke. Duk shekara idan koren ya bayyana sai ajin ya ɗauki guna-guni har mu a ajin kusa mu ji. Daga nan su haɗa ja da rawaya su sami ruwan goro, ja da shuɗi su sami shunayya, su jera su a da'ira a kan kwali. Yana nuna musu yadda ja yake ƙara kyau idan an ajiye shi kusa da kore, ya ce su duba yadda mai sayar da tumatir take shimfiɗa ganye a ƙarƙashi ranar kasuwa. Da damina kuma yakan fitar da su bayan makaranta su kalli duwatsun da ake hangowa daga nesa, ya tambaye su wane launi ne. Su ce ruwan ƙasa, domin sun san dutse. Ya ce su sake kallo. Can sai wani ya ce kamar shuɗi-shuɗi ne. Sai ya ce to haka nisa yake yi, yana rage girma, yana kuma kashe launi ya ja shi zuwa shuɗi.

Kimanin shekara uku da suka wuce na fara jin yana wasu ƙorafe-ƙorafe da ban ɗauke su komai ba. Ya ce bular da ake sayarwa yanzu ba ta da ƙarfi, sai ya zuba ninki biyu. Ya ce farar ƙasar bana ta yi datti. Idan muna tafiya a babur ɗina yana baya, sai ya riƙa kare fuska da hannu, ya ce rana ta yi yawa, alhali hadari ne a sama.

A zango na uku na wannan shekarar shugaban makaranta ya samo fenti na gaske, ya roƙe shi ya yi zane a dogon bangon da ke kallon ƙofar shiga, saboda ranar raba kyaututtuka. Malam Ashiru ya yi murna ƙwarai. Ya zana hanya ta ratsa tsakanin gonakin gero, da rumbuna, da duwatsu can a ƙarshe. Layukan babu inda suka kauce. Amma da ya zo kan sama, sai ya shafa mata shuɗi mai duhu kamar na rini. Gizagizan ma da ya kamata su zama farare sun fito shuɗaye. Malamai muka gani muka yi shiru, kowa yana cewa a ransa ƙila salo ne. Yara kuwa suna ta raɗa.

Shugabar 'yan aji uku, Khairiyya Iliyasu, ita ce take riƙe masa gwangwani yana kan tsani. Yarinya ce mai kunya, amma ita ce ta faɗa. Ta ce masa, cikin ladabi, samar ta yi duhu da yawa, kamar an tsoma ta a marina, kuma shi da kansa ya koya musu cewa sama tana yin haske idan ta kusa duwatsu. Ya sauko daga tsani ya ja da baya ya kalli bangon. Ya ce mata ai shuɗin ma bai isa ba, yana shirin ƙarawa. Sai ya hango ni ina wucewa, ya kira ni.

"Malam Musbahu, don Allah gaya min gaskiya. Wane irin shuɗi kake gani a nan?"

Na ce masa mai duhu ne sosai. Ya tambaye ni gizagizan fa. Na ce su ma shuɗaye ne. Ya rufe gwangwanayen, ya wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sallami yarinyar.

A hanyar gida ya sa na tsaya a gindin wata tsamiya. A nan ya gaya min cewa ya fi shekara yana ganin komai kamar ta cikin hayaƙi. Ba ya iya karanta rubutun yara sai ya kai takarda bakin taga. Bai gaya wa kowa ba, har Batulu. Ya ce mahaifinsa haka ya fara, ya ƙare shekarunsa bakwai na ƙarshe a zaune a ƙofar bukka sai an ja shi. Na ce mu je asibiti. Ya ce a'a. Ya ji labarin wani da aka taɓa wa ido ya rasa shi gaba ɗaya, gara ya lallaɓa da ɗan abin da ya rage.

Hutun ƙarshen shekara ya zo ya wuce. Ya gwada kwalli iri-iri, ya gwada wani ruwa da aka kawo masa daga kasuwar Gwaram, babu abin da ya sauya. Da aka dawo makaranta ya ci gaba da shiga aji, amma ya daina taɓa launi. Yara ne suke haɗawa, shi yana tambayarsu abin da ya fito. Wata rana ya miƙo min takarda a ofis, ya ce in duba masa Turancin. Wasiƙar neman ajiye aiki ce. Na ce zan duba a gida, na sa a aljihu, na yi mako biyu ina ce masa ban samu lokaci ba.

Batulu ce ta warware lamarin. Ta lura da kanta, domin ta ga yana zuba shayi yana wuce bakin kofi. Ta zo gidana da yamma ta gaisa da matata, sannan ta ce a yi mata sallama da ni. Ta ce ta riga ta yi magana da wata 'yar ƙanwarta da ke aikin jinya a Birnin Kudu, an ce mata irin wannan yawanci yanar ido ce, kuma ana cire ta. Ta ce ita ta yi magana har ta gaji, yanzu abin da take so shi ne ranar Litinin in zo ƙofar gidansu da sassafe da shirin tafiya, kada in tambaye shi ra'ayinsa.

Haka na yi. Da ya fito ya gan ni, ya ga matarsa da hijabi da jaka a hannu, ya tsaya yana dubanmu. Ya ce ashe haɗa baki muka yi. Batulu ta ce e, kuma mota ba za ta jira ba. Ya koma ciki ya ɗauko hularsa.

Muka hau bas zuwa Birnin Kudu. A asibiti likitar ido ta haska masa fitila, ta sa ya karanta haruffa a bango, ta ce yana ce a idanu biyu, ta dama ta fi nuna. Da ta ji aikinsa, sai ta yi masa bayanin da ya fi kowane magani kwantar masa da hankali. Ta ce yanar idan ta tsufa rawaya take yi, sai mutum ya riƙa kallon duniya ta cikinta. Fari ya koma masa ruwan shayi, shuɗi kuma ya dushe, shi ya sa yake ta ƙara shi. Malam Ashiru ya gyara zama. Ya ce wato rawaya ce take cinye shuɗin tun kafin ya isa ciki. Ta ce haka ne. Ya ce to wannan ya gane shi. Ya sa hannu a takardar amincewa a yi masa aikin ido.

Bayan kwana tara aka yi masa aikin idon dama. Bai kai awa ɗaya ba. Washegari da hantsi muna tsaye ni da Batulu nas ta cire bandejin. Ya ɗan jima yana ƙifta ido, hawaye na zuba saboda haske. Abin da ya fara kallo rigar nas ɗin ce. Ya ce bai san rabonsa da ganin fari irin wannan ba. Sannan ya juya ga matarsa, idonsa ya tsaya a kan hijabinta.

"Batulu, wannan sabo ne?"

"Shekararsa biyu, Malam. Ranar da na sayo shi na ce maka shuɗi ne, ka ce ruwan toka ne."

Ya rufe idon dama da tafin hannu ya kalle ta da na hagu, ya buɗe ya rufe na hagun. Ya yi haka ya fi sau biyar, yana kallon hijabin, yana kallon bango, yana kallon sama ta taga. Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, Batulu ta juya baya tana gyara kayan da ba sa buƙatar gyara.

Ya dawo makaranta bayan mako uku da baƙin tabarau. Bai shiga ofis ba, ya tsaya a gaban bangon nan. Shugaban makaranta ya zo ya ce masa kada ya damu, za a sa a shafe da farin fenti. Malam Ashiru ya roƙi a bar masa shi tukuna. Washegari ya zo da ledoji masu ruwan rawaya, irin waɗanda ake gani ta cikinsu, ya yanyanka su ƙanana. Khairiyya da 'yan ajinsu sun riga sun gama sun tafi, don haka sababbin 'yan aji uku ya fito da su. Ya ba kowa yanki ɗaya, ya ce su kalli zanen da idonsu, sannan su kalla ta cikin ledar. Da suka ɗora ledar a ido sai shuɗin ya lafa, gizagizan suka daina zama shuɗaye. Ya ce musu haka shi ya gan ta ranar da ya zana ta, kuma da wani ya rantse masa ta yi duhu da bai yarda ba. Ya gaya musu dukan labarin, har da tsoron da ya ji da watannin da ya ɓata. Ya ce duk wanda yake da tsoho a gida mai ƙorafin hayaƙi a ido, ya je ya faɗa masa abin da ya ji yau.

Sannan ya ba su aikin gyara samar. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da gwangwaninsa. Na sama su sa fari kaɗan a shuɗinsu, na ƙasa da su su ƙara, haka har rukunin da ke daidai kan duwatsu, waɗanda nasu kusan fari ne. Inda rukuni biyu suka haɗu su goge da buroshi tun fentin bai bushe ba. Kwana huɗu suka yi. Shi yana zaune a kujera a inuwa, bai taɓa buroshi ba ko sau ɗaya. Akwai wurin da hannun wani ya zame ya ɗiga a kan rumbu, ya ce a bar shi. Wasiƙarsa kuwa bai sake tambayata ba, ni ma ban tuna masa ba.

An yi masa idon hagu bayan wata shida. Tun daga lokacin ya ƙara wani abu a makon farko na kowace shekara. Yakan rubuta haruffa manya da ƙanana a allo, ya sa kowane yaro ya tsaya a ƙarshen aji ya rufe ido ɗaya ya karanta. A shekarar farko ya gano yara uku da ba sa ganin allo, ɗaya daga cikinsu mun daɗe muna ce mata ba ta da ƙoƙari. Ya kira iyayensu ya yi musu bayani. Daga rugarsu ta Dingaya kuma ya kai yayansa da wata gwaggonsa asibiti da kansa.

A zangon da ya wuce wata shugabar firamare daga Gwaram ta kawo ziyara makarantarmu, ta ga da'irar launi da yara suka liƙa a bangon aji, ta tambayi inda muke samun fenti. Da aka ce mata zoɓo ne da kurkum da bula, ta nemi a haɗa ta da malamin. Ta ce malamanta an ba su darasin zane amma babu wanda ya taɓa koya musu, ko zai riƙa zuwa ranar Asabar ya nuna musu. Ya ce zai zo in akwai mai kai shi, ya juyo ya kalle ni. Na ce Asabar ranar gonata ce. Ya ce da azahar za mu dawo.

Asabar ta farko malamai tara suka zo, shida mata uku maza, wani ma daga Dingaya ya taso a babur. Aka zaunar da su a bencunan yara, gwiwoyinsu na taɓa tebur. Wata malama mai suna Lailatu ta ce masa tun da farko ita fa ko layi ba ta iya ja daidai ba, kada ya sa rai da ita. Ya ce ba komai, akwai rula. Ya raba musu takarda da fensir. A mako na uku sun zama goma sha huɗu, har sai da muka aro benci daga ajin kusa.